Majigin Bam: Wa Ya Riƙe Kyamarar?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin zaure da damina ya san walƙiya ke riga tsawa isowa. Haske ya wulga, ka ɗan jira, sai can ƙarar ta biyo baya. Ƙara takan ci wajen daƙiƙa 3 kafin ta yi tafiyar kilomita ɗaya. Masu ɗaukar hoton gwajin bam ɗin nukiliya kuwa sukan girke da yawa daga cikin kyamarorinsu kilomita goma ko fiye daga inda za a tashi bam ɗin, wato sai an yi kusan rabin minti ana kallon wuta tana hawa sama tsit, kafin kunne ya ji komai. Amma je ka buɗe guntayen bidiyon nan da ke yawo a YouTube da Facebook da TikTok, za ka tarar haske da ƙara tare suke zuwa. Yawancin kyamarorin ma ba sa ɗaukar sauti. A ɗakin tace fim aka liƙa ƙarar daga baya, don kada mai kallo ya ƙosa.

Wannan ƙaramar ƙarya ce, ba ta kashe kowa ba. Amfaninta ɗaya: tana nuna maka cewa tun daga daƙiƙar farko hannun wani ya taɓa abin da kake gani. Fina-finan nan gwamnatoci ne suka yi su, da kuɗinsu, da ma'aikatansu, don biyan buƙatarsu. Ra'ayina shi ne a adana su, a fito da duk wanda ya rage a ɓoye, a nuna wa kowa. Amma a kalle su kamar yadda alƙali ke sauraron wanda ake ƙara idan ya tashi yana ba da shaida a kan kansa.

Dattawanmu da suka ga zamanin majigi ba su buƙatar dogon bayani. Motar gwamnati takan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a haska yadda ake haƙa masai da yadda ake shuka auduga da gyaɗa, mai sharhi yana fassarawa da Hausa ta lasifika. Ba a tambayi talaka me yake so ya gani ba, an dai nuna masa abin da hukuma ke so ya yarda da shi. Amurka ma haka ta yi wa mutanenta, sai dai nata majigin ya fi kuɗi nesa ba kusa ba. Daga 1947 zuwa 1969 rundunar sojan samanta tana da cikakken kamfanin shirya fim na sirri a wani tudu da ke saman Hollywood, ana kiransa Lookout Mountain. Ma'aikata wajen 250, da ɗakin ɗaukar sauti, da wurin wanke fim, maƙwabta kuma ba su san takamaimai me ake yi a ciki ba. Sun shirya fina-finai dubbai. Wasu na masana kimiyya ne, don auna girman wutar. Wasu na manyan hafsoshi da 'yan majalisa ne, waɗanda ke sa hannu a fitar da kuɗi. Kaɗan ne aka tace aka ba jama'a, su kuma aikinsu kwantar da hankali.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na tsibiran Bikini, wani yanki na tsibiran Marshall a tekun Pasifik da Amurka ta zaɓa don gwajin bam. A farkon 1946 wani hafsan sojan ruwan Amurka mai suna Ben Wyatt ya sauka a can ran Lahadi, bayan an tashi daga coci, ya tara mutanen wurin, su 167, ya gaya musu ana so su bar ƙasarsu na ɗan lokaci saboda amfanin bil'adama, kuma don a kawo ƙarshen yaƙe-yaƙen duniya. Bayan 'yan makonni sai aka dawo da kyamarori aka ce a maimaita zaman. A ɗanyen faifan da ba a tace ba, wanda masu bincike suka tono daga baya, ana ganin yadda ake sa hafsan yana sake faɗin maganarsa, a yanke, a sake, har sai mai ba da umarni ya gamsu. Mutanen na zaune a ƙarƙashin itatuwan kwakwa suna kallon ikon Allah. Amsar da shugabansu Juda ya bayar ita ce komai na hannun Ubangiji. A fim ɗin da aka kai wa Amurkawa an mai da wannan amsa amincewa da farin ciki. Bahaushe dai ya san mene ne ke cikin ran talaka idan mai bindiga ya zo karɓar gonarsa ya ce masa "Allah na nan".

Fim ɗin ya ƙare da mutane suna hawa jirgin ruwa suna ɗaga hannu. Kyamara ba ta zauna da su a Rongerik ba, ƙaramin tsibirin da aka jibge su, inda abinci bai isa ba, kifin wurin kuma wani yana da guba. Kafin shekara biyu yunwa ta kusa gamawa da su. A 1948 aka kwashe su zuwa Kwajalein, daga nan zuwa Kili, tsibirin da ko kwale-kwale ba ya samun wurin tsayawa mai kyau. "Ɗan lokacin" nan har yau bai ƙare ba. Amurka ta yi gwaji 67 a tsibiran Marshall tsakanin 1946 da 1958.

Mafi girma a cikinsu shi ne na ran 1 ga Maris 1954, wanda suka sa wa suna Bravo. Masana sun yi lissafin zai ba da ƙarfin tan miliyan 6 na nakiya, sai ya ba da miliyan 15, kusan ninki dubu na wanda aka jefa wa Hiroshima. Wani sinadari da suka ɗauka ba zai shiga wutar ba ashe ya shiga. Hoton wannan fashewa yana cikin waɗanda aka fi yaɗawa: jan ƙwallon wuta kamar rana ta faɗo cikin teku, gajimare yana buɗewa hawa-hawa. Ba na musun kyansa, kuma kyan nan shi ne matsalar. Bayan 'yan sa'o'i farar toka ta fara zuba a tsibirin Rongelap, sama da kilomita 150 daga wurin. Yara suka yi ta wasa da ita. Ta shiga ruwan sha, ta manne a gashi da fata. Sai bayan kwana biyu aka zo kwashe su, lokacin amai da ƙuna sun riga sun fara, gashi kuma ya bi baya yana zubewa. Likitocin gwamnati sun ɗauki hotunansu, amma don nazari, a ƙarƙashin wani shiri mai lamba 4.1. Tokar ta kuma sauka a kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23, kuma mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba na shekarar. Ba don wannan jirgi ya koma gida da marasa lafiya ba, da wuya duniya ta ji labarin da wuri haka.

Kada a ce don baƙi ne a tsibiri mai nisa. 'Yan ƙasa ma ba su tsira ba. A hamadar Nevada, kimanin kilomita 100 daga Las Vegas, an fara gwaji a Janairun 1951, an tashi bam 100 a sararin sama. A nan aka ɗauki fina-finan nan na gidajen katako da ake cika su da mutum-mutumi sanye da tufafi, uba da uwa da 'ya'ya a teburin cin abinci, sai ka ga fenti ya yi hayaƙi, gidan ya tarwatse. Darasin da mai sharhi ke fitarwa wai idan ka gina ɗakin ƙarƙashin ƙasa ka tara abincin gwangwani za ka tsira. Yaran makaranta kuma aka yi musu wani na zane da kunkuru, ana koya musu su shige ƙarƙashin tebur su rufe kai. A nan ne kuma aka riƙa sa sojoji dubbai cikin ramuka 'yan kilomita kaɗan daga bam, bayan ya tashi a ce su fito su taka zuwa wajen, kyamara na binsu suna murmushi. Da yawansu sun ba da labari daga baya cewa ko da suka rufe ido da hannu sai da suka ga ƙasusuwan yatsunsu. An rantsar da su kada su faɗa wa kowa, har likita, kuma sai a 1996 aka ɗage wannan takunkumi.

A watan Mayun 1953 wani gwaji ya tura ƙura mai guba kan garin St. George na jihar Utah. A rediyo aka ce mutane su shiga ɗaki su rufe ƙofa. A bazarar nan tumaki dubbai suka mutu a yankin, makiyaya suka kai ƙara, gwamnati ta kawo masananta suka ce yunwa ce da sanyi, kotu ta kori ƙarar. Me hukumar makamashin nukiliya ta yi? Ta je garin ta shirya fim, ta sa mutanen garin da kansu suka fito a ciki, suna nuna yadda suka shige gida hankali kwance, mai sharhi yana cewa babu wani haɗari. A 1982 alƙalin da ya yanke hukuncin farko, Sherman Christensen, ya sake duba shari'ar ya ce gwamnati ta yaudari kotunsa. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin nasa, makiyaya ba su samu ko sisi ba. Sai a 1990 majalisa ta yi dokar biyan diyya, dala 50,000 ga wanda ya zauna a wasu gundumomi da aka lissafa kuma ya kamu da ɗaya daga cikin cututtukan daji da aka lissafa.

Akwai wani labari da nake ganin ya fi duk waɗannan tona asiri, kuma shi ma kan fim ne. Kamfanin Kodak mai ƙera faifan hoto ya lura tun 1945 cewa wasu faya-fayansa na hoton ƙashi suna fitowa da ɗigo-ɗigo tun ba a yi amfani da su ba. Wani masaninsu ya bi sawu har ya gano kwalin da ake naɗe su ne ya kwaso burbushin nukiliya, daga ruwan kogin da masana'antar kwalin ke amfani da shi a jihar Indiana, bayan gwajin farko da aka yi a New Mexico ran 16 ga Yulin shekarar. A 1951, da aka fara gwaji a Nevada, na'urorin kamfanin suka nuna guba a dusar ƙanƙarar da ta sauka a Rochester, garin da kamfanin yake, wajen kilomita 3,000 daga can. Kamfanin ya yi barazanar zuwa kotu. Sai hukuma ta amince ta riƙa sanar da masu ƙera faifan hoto tun kafin lokaci inda ake sa ran ƙurar za ta sauka, don su kare hajarsu. Masu kiwon shanu ba a sanar da su ba. Iyaye ba a sanar da su ba. Ƙurar nan tana ɗauke da wani nau'in aidin mai guba, ya sauka a ciyawa, saniya ta ci, ya shiga madara, yaro ya sha, ya taru a ƙwayar nan ta wuya wadda maƙoƙo ke kamawa. Cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka ta yi kiyasi a 1997 cewa hakan zai iya jawo ƙarin masu sankarar wannan ƙwaya tsakanin 10,000 zuwa 75,000. Ashe hukuma ta san inda iska ke kai abin, har taswira take zanawa. Ta dai zaɓi wanda za ta gaya wa.

Sauran masu bam ɗin ba su fi ba. Tarayyar Sobiyat ta yi gwaji sama da 450 a Semipalatinsk ta Kazakistan, kusa da ƙauyukan makiyaya, ta kuma ratsa sojoji wajen 45,000 ta inda aka tashi bam a Totskoye a 1954. Fim ɗin bam ɗinta mafi girma, na 1961, sai a 2020 hukumar nukiliyar Rasha ta sake shi, don bikin cika shekara 75 na masana'antar, abin alfahari ke nan. Ingila ta yi nata a ƙasar 'yan asalin Ostireliya.

Sai Faransa, wadda ta yi nata a bayan gidanmu. Ran 13 ga Fabrairun 1960 ta tashi bam ɗinta na farko kusa da Reggane a kudancin Aljeriya, mai ƙarfin tan dubu 70 ko kusa da haka, ninki huɗu na Hiroshima. Labaran majigin Faransa sun nuna hasumiyar ƙarfe, da hafsoshi sun juya baya sun rufe ido, da yashi iya ganinka. Saƙon shi ne nan ba kowa. Alhali Reggane tana ƙarshen kudu na yankin Tuwat, jerin garuruwan dabino da ayarin fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ratsawa zuwa ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki, a Tuwat ɗin nan kabarinsa yake. Wurin da aka nuna wa duniya a matsayin fanko, mu tarihinmu ya san sunansa.

Watan Fabrairu kuwa ba sai an gaya wa kowa daga ina iska ke kaɗowa ba. Wata taswirar sojan Faransa da aka cire wa hatimin sirri a 2013, jaridar Le Parisien ta buga ta a 2014, ta nuna ƙurar wannan gwaji ta bazu har Chadi, ta karkato Afirka ta Yamma ta kai Bamako, kafin mako biyu kuma ta taɓa kudancin Turai. A lokacin Nijar da Najeriya duk ba su karɓi 'yanci ba. Amma shugabannin wancan zamani ba su yi shiru ba. Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Ghana. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disambar 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata uku kacal da samun mulkin kai, ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragen ruwa da na saman ƙasar shigowa. Ina jin da wuya ka samu ɗalibin sakandare ɗaya cikin ɗari da ya taɓa jin wannan, amma da yawansu sun ga bidiyon Bikini da kiɗa a ƙarƙashinsa. Faransa ta yi gwaji 4 a sama a Reggane, da 13 a cikin dutse a In Ekker har zuwa 1966, wato shekara huɗu bayan Aljeriya ta samu 'yanci. A na ran 1 ga Mayun 1962 dutsen ya ɓalle, hayaƙi ya fito ya rufe 'yan kallo, har da ministoci biyu na Faransa.

Wani zai ce tunda farfaganda ce, me ya sa nake so a adana ta? Saboda abin da ya faru bayan an daina ɗauka. Hotunan nan, duk da an tace su, sun tsorata mutane fiye da yadda masu su suka so. Su da binciken da ya gano sinadarin bam a haƙoran yara a birnin St. Louis na Amurka sun taimaka wajen matsa wa gwamnatoci lamba, har Amurka da Sobiyat da Ingila suka sa hannu a 1963 kan daina gwaji a sama da cikin ruwa. Sai gwaji ya koma ƙarƙashin ƙasa. A Nevada kaɗai an yi sama da 800 a cikin rami, har zuwa 1992, kuma hayaniyar jama'a ta ragu ƙwarai, don babu abin da ido zai gani sai ƙasa ta ɗan girgiza ta lotsa. Abin da ba a gani ba, da wuya a yi fushi da shi. Hiroshima ma haka aka yi mata: faifan da 'yan Japan suka ɗauka na ƙonannun mutane a asibitoci a 1945, sojan Amurka ya ƙwace ya kulle fiye da shekara ashirin, aka bar duniya da hoton gajimare daga tagar jirgi.

Ga shi kuma faya-fayan suna ruɓewa. Wani masanin kimiyya a cibiyar Lawrence Livermore ta Amurka, Greg Spriggs, ya yi shekaru yana farautar su a ɗakunan ajiya. An ƙiyasta an ɗauki wajen 10,000 a gwaje-gwaje 210 da Amurka ta yi a sama, wasu da kyamarar da ke ɗaukar hoto 2,400 a daƙiƙa guda. Da ake buɗe gwangwanayen warin tsami ke tashi, alamar fim ya fara narkewa. A 2017 suka fara zuba waɗanda aka yarda a saki a YouTube. Na yaba da aikin. Amma a san dalilinsa: cibiyar ƙera makamai ce, kuma tana sake auna hotunan ne da kwamfuta don gyara lissafin ƙarfin bama-baman, wanda suka tarar a wasu wuraren ya kauce da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Wato har ceton faya-fayan ma don lafiyar makamin aka yi shi. Ba a ware irin wannan kuɗi da ƙwazo don tattara muryoyin tsofaffin Rongelap ba.

Shi ya sa nake jin haushin shafukanmu na Hausa da ke ɗora waɗannan bidiyo da taken "kalli ƙarfin Amurka" ko "ga abin da Rasha za ta yi", ana ta tafi a ƙasa kamar wasan ƙwallo. Mai yin haka yana ƙarasa wa Lookout Mountain aikinta ne kyauta. Ban ce a daina ɗorawa ba. A rubuta sunan wurin da shekarar, a faɗi su wa ke zaune inda iska ta nufa, da abin da ya same su. Layi biyu ne. Maganar kuma ba ta tsufa ba: yarjejeniyar hana gwaji gaba ɗaya ta 1996 har yau ba ta fara aiki ba, Amurka ba ta taɓa tabbatar da ita a majalisa ba, Rasha kuma ta janye tabbatarwarta a 2023.

Babban abin da ya rage yana hannun gwamnatoci. Sojan Faransa yana da gidan ajiyar fina-finai da hotuna a Ivry, kusa da Paris, kuma sojan da ya zana waccan taswira ya auna ƙurar ne a wurare daban-daban kafin ya zana ta. Aljeriya ta daɗe tana neman a ba ta taswirar inda aka binne motoci da ƙarafa masu guba a cikin yashi. Dokar diyya da Faransa ta yi a 2010 kuwa, 'yan Aljeriyan da suka ci moriyarta ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Ya kamata Yamai da Injamena da Bamako da Abuja su haɗa baki da Aljeriya su nemi abu biyu a rubuce: ɗanyen faifan Reggane da In Ekker yadda aka ɗauke shi, ba wanda aka tace ba, da alƙaluman awon ƙura na kowane gari kudu da Sahara daga Fabrairun 1960 zuwa Afrilun 1961. A ba jami'o'inmu kwafi, masana kimiyya da likitoci da malaman tarihi su zauna a kai.